Falon Maiwada

An ce wai a zamanin da jirgin ƙasa ya fara hawo da goro daga kurmi, an yi wani falke a garin Tudun Gamji ana kiransa Maiwada. Mutum ne mai sakin hannu, ba ya riƙe kowa a zuci, amma Allah ya jarrabe shi da abu biyu: saurin baki, da son a ce ya ga duniya.

A birnin Ikko, can bakin teku, ya ga abin da ya tsaya masa a rai. Wani akawu da suke hulɗar goro ya kai shi gidansa, ya shigar da shi wani ɗaki wanda babu gado babu tukunya, sai kujeru masu taushi da darduma da agogon bango. Maiwada ya duba dama ya duba hagu, ya ce, "To, wa ke kwana a nan?" Akawu ya yi dariya ya ce ba kowa. Ya ce ɗaki ne da Turawa suka zo da shi, suka kuma zo da sunansa, ma'anarsa ɗakin ganawa. Nan ake shigar da baƙo mai daraja a zauna a yi magana, in ya tafi a ja ƙofa a rufe. Ya faɗi sunan da Turanci, harshen Maiwada ya lanƙwasa shi ya koma falo, yadda muke faɗa har yau. Mu a da zaure muka sani, ɗakin da ba ya korar kowa, maigida ya zauna, baƙo ya zauna, akuya ma in rana ta ƙwalle ta raɓe a gefe. Amma Maiwada ya dawo gida yana ganin zaure ƙauyanci ne.

Bai huta ba sai da ya gina falo a tsakiyar gidansa, na bulo da siminti, da rufin kwano, da daɓe mai tudu. Sauran ɗakunan gidan kuwa suna nan yadda suke, na ƙasa da azara. Ya yi wa falon kujeru daga Ikko, ya rataya labule, ya kafa agogo mai bugawa. Gari ya yi ta zuwa kallo, shi kuma yana ta bayani kamar shi ya ƙirƙiro abin.

Matarsa ɗaya, Hansai, auren saurayi da budurwa. Tare suka sha wuya tun yana tallan goro a faranti, kuma kowa ya san duk faɗin ransa ba ya iya cin tuwo in ba ta zauna kusa ba. Sai mahaifiyarsa, Inna Tabawa, wadda ya ɗauko daga ƙauyensu Kwarin Ɗinya bayan rasuwar mahaifinsa, ya ba ta wani ɗaki a can bayan gida. Maiwada shi ne ɗanta na fari, kun kuwa san yadda al'adarmu take: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta sakin jiki da shi, ba ta ko duban fuskarsa a gaban mutane. Tun da aka yaye shi goggonsa ta ɗauke shi, a hannunta ya girma. Saboda haka tsakaninsa da Inna akwai girmamawa mai yawa da magana kaɗan. Tuwonta ba ya yankewa, zanenta ba ya tsufa ba a sake ba, shi kuma a ganinsa ya gama sauke nauyi.

Wata rana ya zo da wakilin wani kamfani, babban baƙo, yana ta yi masa alfaharin falo tun daga kasuwa. Suna buɗe ƙofa sai ga matan maƙwabta sun baje a kan darduma suna cin ɗanwake, mai ya ɗiga a kujera, yara suna tsalle a kan wata kamar sun sami jaki. Baƙo ya yi murmushi kawai. Murmushin nan kuwa ya fi mari zafi a wurin Maiwada. Yana raka baƙo ya dawo ya tsaya a tsakar gida ya ce, "Hansai, ki ji da kyau, kowa ma ya ji! In wani ya sake zama ko kwana a falon nan, ban da ni da baƙo, na sake ki saki uku!"

Kai, baki! Kafin la'asar ya yi nadama har ya kasa cin abinci, amma magana ta riga ta fita a gaban shaidu. Daga ranar aka sa wa falo kwaɗo. Hansai ke riƙe da makulli, duk Juma'a ta shiga ta share a tsaye, ta goge kujeru a tsaye, ta fito. Yara suka taso suna wuce ƙofar a guje kamar akwai maciji a ciki. Haka aka yi shekaru, ba abin da ya faru.

Wata damina, ruwa ya yi tsakiya, Maiwada ya dawo daga Ikko da hantsi. Tun daga zaure ya ji gidan ya yi shiru irin wanda ba ya so. Ya shiga ya ga ƙofar falo a buɗe, ga ƙaurin magani na fitowa, ga akwatunan Hansai a ɗaure a bakin ɗakinta. Ita kuma ta fito ta durƙusa nesa da shi, ta lulluɓe kanta yadda ba ta taɓa yi masa ba.

Ta ce, "Sannu da zuwa, Maigida. Kafin ka sha ruwa bari in gaya maka da bakina, kada ka ji a waje. Ranar Talata da azahar aka yi ruwan da ban taɓa ganin irinsa ba. Azarar ɗakin Inna ta karye, rufi ya rufto, Allah ya taƙaita gefe guda ya faɗa, amma ya karya mata ƙafa. Na jawo ta jiƙe sharkaf tana rawar ɗari. Ɗakina ruwa ya kai idon sawu, na yara yana yoyo kamar kwando, zaure ya zama hanyar ruwa. Wuri ɗaya ne busasshe a gidan nan."

Maiwada ya ce, "Hansai, kin manta da rantsuwar?"

"Ban manta ba. Inna ma ba ta manta ba. Ta riƙe bakin ƙofar nan ta ce in bar ta a waje, kada in kashe aurena a kanta. Ni na ɓamɓare yatsunta na shigar da ita. Maɗori ya zo ya ɗora ƙafar, ya ce kada a motsa ta sai ƙashi ya kama. Ina jiran dawowarka ne kawai in san inda zan yi idda."

Maiwada ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, cikin taɓo, ya yi kuka kamar yaro. Bai taɓa son Hansai kamar a wannan lokacin ba, kuma a lokacin ne ya ga ta haramta gare shi. Saki uku ba shi da kome, sai ta auri wani. Ya tashi ya bi malaman unguwa ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya ji labarin sai ya girgiza kai ya ce, "Uwa ai 'yar gida ce. Saki ya auku, sai haƙuri."

Da ya rasa inda zai sa kansa sai ya nufi gidan alƙalin garin, Malam Haladu. Tsoho ne mai jinkirin magana, wanda ba ya yanke hukunci a kan abin da ƙafarsa za ta iya kai shi ya gani. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Tun da tsohuwar ba ta iya zuwa, mu za mu je. Ka ce wa matarka kada ta fitar da ko allura daga gidan sai na zo."

Washegari da safe alƙali ya iso tare da muhutinsa, malamin da ke taya shi duba shari'a. Ya yi sallama a ƙofar falo, ya ga Inna Tabawa kwance a kan katifa a tsakanin kujeru, ta juya fuska bango don ɗanta na tsaye. Ya gaishe ta, ya yi mata sannu, sannan ya zauna a kujera mai taushi ya ce, "Ni dai baƙo ne, ina da ikon zama. Maiwada, matso. Ranar da ka yi rantsuwar nan, su wa ka nufa ka hana?"

"Mutanen gidana duka, Allah gafarta Malam."

"Faɗa min su."

"Hansai, da yara, da masu aiki, da matan maƙwabta da suka zama kamar 'yan gida."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Alƙali ya dube shi. Sannan ya ce, "Mahaifiyarka fa?"

Maiwada ya so ya gyara magana, amma ba maƙaryaci ba ne. Ya ce, "Wallahi, Malam, ranar nan ko a raina ba ta zo ba."

Alƙali ya juya ga Hansai da ke durƙushe a bakin ƙofa, ya tambaye ta ko ita ta zauna a ciki lokacin jinya. Ta ce a'a, ba don dabara ba, ƙafarta ce ta saba da tsayuwa a ɗakin, ko magani a durƙushe take ba ta. Ya ce, "To, gaya min yadda Inna take zaune a gidan nan. In tana son wani abu, yaya take yi?"

Hansai ta ce, "Ba ta taɓa buɗe tukunya da kanta ba, Malam. Ko gishiri take so sai ta aiko ta ce in da hali. Ba ta shiga ɗakina sai da sallama, in na ce ta shigo sai ta tsaya a bakin ƙofa. In an kai mata tuwo kullum sai ta rage, ko da tana jin yunwa, na sani don ina ganin idonta. Kayan da ta zo da su daga ƙauye har yau a ƙunshe suke, ƙullin da aka yi musu ranar da aka ɗauko ta. Duk kaka sai ta ce min, bana dai in an gama girbi za ta koma."

Maiwada na tsaye yana ji, kowace kalma sabuwa ce a kunnensa.

Alƙali ya sauko daga kujera ya tsuguna kusa da tsohuwar. Ya ce, "Iya, ina ne gidanki?"

Ta ce a hankali, "Kwarin Ɗinya."

"An ce min gidan can ya rushe tuntuni."

"Ya rushe. Amma can ne."

"Nan fa?"

"Nan gidan mutane ne, Malam. Sun riƙe ni da kyau, Allah ya saka musu. Ba ni da abin cewa. Yarinyar nan kuwa ba ta da laifi, ni ce da ban mutu a ɗakin ba na jawo mata."

Hansai ta fashe da kuka. Alƙali ya miƙe ya ce a kai shi ɗakin da ya rufta. Ya ɗauki guntun azara ya murza, ta zube gari a hannunsa. Ya ce, "Gara ce ta cinye wannan, kuma ba aikin damina ɗaya ba ne. Maiwada, yaushe rabonka da shiga ɗakin nan?"

"Ban taɓa shiga ba, Allah gafarta Malam. Kullum da safe ina durƙusawa a bakin ƙofa in gaishe ta, ban taɓa fashi ba in ina gari. Kunya ce tsakaninmu, ni ne ɗan fari."

Alƙali ya kaɗe hannunsa ya ce, "Kunyar ɗan fari tata ce, ba taka ba. Al'ada ta hana ta kiran sunanka, ba ta hana ka ɗaga kai ka dubi rufinta ba. Ita ta yi shiru don kunya, kai kuma ka ɗauki shirun a matsayin jin daɗi."

Suka koma tsakar gida, maƙwabta sun cika zaure suna jira. Alƙali ya tsaya ya ce, "Rantsuwa ana auna ta da niyyar mai ita, sannan da abin da mutanen gari suka sani a al'adarsu. Mai rantsuwa ya lissafa mutanen gidansa a gabana, bai sa mahaifiyarsa ba. Al'adarmu kuwa ta san baƙo da alamominsa: wanda ba ya buɗe tukunya, wanda ke rage tuwo don kada a ce ya cinye, wanda kayansa ke ƙunshe, wanda in an tambaye shi gidansa sai ya ambaci wani gari. Duk na same su a wurin wannan tsohuwa. Saboda haka wadda ta kwana a falon nan baƙuwa ce. Rantsuwa ba ta karye ba, aure yana nan. Hansai, kwance akwatunanki."

Zaure ya ɗauki kabbara. Amma muhuti ya matso ya ce, "Allah gafarta Malam, uwa ta zama baƙuwa a gidan ɗan da ta haifa?"

Alƙali ya ce, "Ni ma abin da ya ɗaure min kai ke nan, Malam. Ba ni na mai da ita baƙuwa ba. Haka na zo na tarar da ita."

Maiwada ya ji maganar nan har cikin ƙashinsa. An dawo masa da matarsa, amma farin cikin ya ƙi zama, don ya ga da me aka fanshe ta. Ya durƙusa a gaban alƙali ya ce, "Malam, ka cece ni kuma ka yanka ni. Yanzu yaya zan yi? In na bar ta baƙuwa, na ci gaba da zaluntar uwata. In na mai da ita 'yar gida tana kwance a ɗakin nan, na rasa Hansai. Maɗori kuwa ya ce kada a motsa ta."

Sai a lokacin alƙali ya yi murmushi. Ya ce, "Tambayar da nake jira ke nan, da ba ka yi ta ba da na tafi da baƙin ciki. Kai ka gaya wa garin nan duka abin da ake nufi da falo, har muka haddace. Ɗakin ganawa ne, mai kujeru, ba a kwana, ba a girki, in baƙo ya tafi a rufe. To, bulo da kwano ba su ke ba ɗaki suna ba, abin da ake yi a cikinsa ne. Fitar da kujerun nan, cire agogo, cire kwaɗon ƙofa ka jefar. Shigo da gadonta da butarta da tabarmar sallarta. In ka yi haka babu sauran falo a gidanka, akwai ɗakin Inna, kai kuwa ba ka taɓa yin rantsuwa a kan ɗakin Inna ba. Sai dai ka kiyaye abu ɗaya, don na san bakinka: kada ka ce mata nan gidanta ne sai kujera ta ƙarshe ta fita."

Mutane suka yi dariya, har da Hansai cikin hawaye. Wani daga zaure ya ce, "To, baƙin Maiwada fa, ina za su zauna?" Alƙali ya ce, "Inda baƙin ubansa suka zauna. Ba a taɓa jin wanda zaure ya rage wa daraja ba."

Maiwada ya tuɓe babbar riga. Masu aiki suka zo za su kama, ya ce a'a, da hannunsa ya shigar da su, da hannunsa zai fitar. Ya yi ta ɗauka ɗaya bayan ɗaya, gumi na zuba, bakinsa a rufe gam, abin da garin bai taɓa gani ba. Da ta ƙarshe ta fita sai ya tsallaka bakin ƙofa, ya zauna a ƙasa kusa da katifar, ya ce, "Inna, ki yafe min. Nan ɗakinki ne, gidan nan gidanki ne." Tsohuwa ba ta juyo ba, sai kafaɗarta da ke motsi a ƙarƙashin mayafi.

Baƙunta ba ta fita daga jikin mutum a yini ɗaya. Ƙashi ya kama, ta fara dafa bango tana tafiya, amma har yanzu komai aka yi mata sai godiya, godiyar da ke sa Maiwada ya ji kamar ana tsira masa ƙaya. Shi dai bai fasa ba. Kullum ya shiga ya zauna, ya ba ta labarin kasuwa da na jirgi, ita tana sauraro da fuska a gefe, yara suna hawa gadonta suna sauka.

Ran nan da azahar, bayan an gama girbi, ya dawo daga kasuwa ya faɗa ɗakin da sauri, ya tarar Hansai ta kawo tuwo. Inna Tabawa ta ɗanɗana miya, ta ture kwano, ta ɓata fuska ta ce, "Hansai, wannan miya wa ya koya miki? Daddawa ta yi kaɗan, gobe ni zan haɗa. Kuma ki gaya wa wancan mijin naki ya daina shigo min ɗaki da takalmi, ba kasuwa ba ce."

Hansai ta dubi mijinta, shi ya dube ta. Maiwada ya ja da baya ya tuɓe takalmansa a waje, yana dariya hawaye na bin gemunsa, don tun da aka haife shi ranar ce ta farko da uwarsa ta yi masa faɗa.

Masu hankali suka ɗauki darasi daga wannan hikaya suka ce: wanda zai ƙawata ɗaki don mai zuwa ya tafi, ya fara duba rufin wanda ba shi da inda za shi, domin girmamawar da ke tsayawa a bakin ƙofa rabinta nisa ce.